UT210E: na'urar da ke nuna wa mai aikin sola amfiya da idonsa

Duk wanda ya koyi aikin wuta ya haddace cewa wat shi ne bolt sau amfiya. Sai dai da yawa ba su taɓa auna amfiyar ba, domin mita ta gama-gari sai an katse waya an saka ta a tsakani, kuma yawanci iyakarta amfiya 10. UT210E ta kamfanin UNI-T baki gare ta kamar ƙaguwa: ka buɗe, ka kama waya, ta karanta AC (irin wutar soket) ko DC (irin wutar batir da sola) har amfiya 100. Ƙananan batura biyu na AAA take ci.

Ɗauki inbata mai ba kayan wuta wat 1000 daga batir mai bolt 24. Lissafi ya ce amfiya 42, amma na'urar za ta nuna wajen 46, saboda inbatar ma tana cin nata kason. In wayar jan ƙarfe mai kaurin 6mm² ce, tsawon mita 4 zuwa da dawowa, kusan rabin bolt ne ke zubewa a hanya, sama da wat 20 kuma su zama zafi. Shi ya sa waya ke ɗumi, inbata na kuka, a ɗora wa batir laifi alhali lafiyarsa ƙalau.

Wurin awon ne ake yawan yin kuskure. Tana kunnuwa a AC, sai ka danna SELECT ta koma DC. Sannan ka danna ZERO kafin ka kama waya, a yadda za ka riƙe ta, domin ƙarfin maganaɗisu take ji, har na ƙasa yana shafarta. Wanda ya kama jar waya da baƙa tare kuwa sifili zai gani, tun da ɗaya na soke ɗaya. Ba lalacewa ta yi ba.

Matakin awonta na amfiya 2 shi ne daɗinta, yana kama ƙaramin abin da ke tsotse batirin mota cikin dare.

Rauninta a fili yake. Bakin milimita 17 ne, manyan wayoyi ba sa shiga. Kan batir mai bolt 12, wat 1000 kaɗai ya kusa kai ta maƙura, sitatar mota kuwa ta fi ƙarfinta. Jerin farantan sola da ya haura bolt 600 ma kada a kusance shi da ita. Ga mai haɗa solar gida da shago ta wadatar. Mai manyan ayyuka ya nemi mai amfiya 400 ko 600.