Tikitin Intanet na Jirgin Rigasa da Batun Rabon Kuɗinsa

Tun watan Janairun 2021 ake sayar da tikitin jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja ta intanet, kuma a ganina babu gyaran da ya fi wannan amfanar fasinja tun da aka ƙaddamar da layin a watan Yulin 2016. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ce ke tafiyar da jirgin a kan layin mai tsawon kilomita 186 daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Idu a Abuja, amma kamfanin SecureID ne aka damƙa wa sayar da tikitin bisa yarjejeniyar shekara 10, wadda ta ba shi kaso daga kuɗin da ake tarawa.

Mutum yana zaune a gidansa a Tudun Wada ko Unguwar Rimi zai buɗe manhajar, ya zaɓi rana da jirgi da kujera, ya biya da katin banki. Idan ya isa Rigasa sai ya miƙa wayarsa a bakin ƙofa, ma'aikaci ya haska na'ura a kan tambarin da ke jikin tikitin, ya dubi suna ya dubi katin shaida, sannan ya ce masa, "Alhaji, bismillah." Tun da jirgin ya dawo aiki ranar 5 ga Disambar 2022, bayan harin 28 ga Maris na wannan shekarar, ake neman lambar shaidar ɗan ƙasa kafin a sayar wa mutum tikiti. Duk wanda ya san irin cunkoson da ake yi a da a bakin tagar tikiti, da yadda 'yan cuwa-cuwa ke saye su sake sayarwa da tsada, zai yaba da wannan sauƙi.

Akwai wuraren da tsarin bai kai ba. Dattijuwar da ba ta da babbar waya sai ta nemi ɗa ko jika ya saya mata, kuma a ƙarshen mako da lokacin sallah kujeru kan ƙare da wuri, ko da yake wannan matsala ce ta ƙarancin taragai, babu manhajar da za ta magance ta.

Abin da ya fi damuna shi ne tikitin a Idu yake tsayawa. A nan layinmu ya haɗu da jirgin cikin birnin Abuja mai zuwa filin jirgin sama da tsakiyar gari, wanda mallakar hukumar babban birnin tarayya ne, kuma tikitin Rigasa ba shi da alaƙa da shi. Yau abin bai yi zafi ba, amma ana kan shimfiɗa layin Kaduna zuwa Kano, ga na Kano zuwa Maraɗi, kuma gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi damar mallakar nasu jiragen ƙasa. Ranar da ɗan kasuwa zai so ya biya kuɗi sau ɗaya ya hau jiragen hukumomi biyu ko uku, dole a san nawa kowace za ta ɗauka.

Birtaniya ta daɗe da fuskantar wannan tambaya. Tun 1842 kamfanonin jiragen ƙasanta suka kafa ofishi guda da ya riƙa karɓar lissafin tikitin da ya ratsa layuka daban-daban, yana raba kuɗin gwargwadon nisan da kowane kamfani ya ɗauki fasinja. Bayan dokar 1993 da ta miƙa jiragen ga 'yan kasuwa, sai aka dogara da wani tsarin kwamfuta mai suna ORCATS. Tikiti da yawa a can suna bai wa mai shi damar hawa jirgin kowane kamfani da ke bin hanyar, saboda haka ba a sanin ainihin wanda ya hau. Tsarin sai ya dubi jadawalin tafiye-tafiye, da saurin kowane jirgi, da lokutan da mutane suka fi fita, ya ƙiyasta yadda fasinjoji za su rarrabu, a raba kuɗin a kan wannan ƙiyasi. Kamfanin da ya ga an tauye shi yana iya ƙalubalantar rabon da ƙidayar fasinjoji. Illar tsarin kuwa ita ce wani kamfani kan ƙara jirgi a jadawali, ko ya tsaya a wata babbar tasha, don kawai kasonsa ya ƙaru, ko da taragan nasa ba su cika ba.

A nan ne nake ganin tikitin Rigasa yana da wata daraja da ba a cika lura da ita ba. Kowane tikiti yana ɗauke da suna da jirgi da kujera da tashar hawa da ta sauka, wato babu buƙatar ƙiyasi irin na Turawa, domin lissafin kowace naira a rubuce yake. Abin da ya rage shi ne hukumomin su amince da ofishin rabo guda tun kafin layin Kano ya fara aiki, su kuma riƙa bayyana wa jama'a kuɗin da aka tara da kason da kowa ya ɗauka, tunda da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin aka gina wannan layi, kuma mu ne masu biya.

Ga mai niyyar tafiya, shawarata ita ce ya sayi tikitinsa da zarar an buɗe sayarwa, ya tabbatar sunan da ya rubuta ya yi daidai da na katin shaidarsa, ya kuma baro gida da wuri saboda cunkoson hanyar Rigasa.