Masu duba ido da suka zo mana ƙauye

Gaskiya Kiristocin nan 'yan sa kai da suka zo daga Amurka sun yi ƙoƙari wlh, kwana 5 suka yi a firamaren garinmu nan gefen Sumaila suna duba ido kyauta. Na kai Inna tun asuba amma muka sha layi har azahar dan tafintansu ɗaya ne tal, shi ma Hausar tasa sai a hankali. Likitar ta ce yanar ido ce, maganin ɗigawa baya cire ta sai tiyata, ta ba mu takarda zuwa asibitin ido na ECWA a Kano. Addu'a kuwa sai sun tambaye ka, Inna ta ce a'a, ba wanda ya canja mata fuska. Tabarau ne dai ya ƙare tun rana ta 3, Baffa har yau mita yake.