Cutar Akromegali: Tiyata, Allura, Ƙwaya Ko Gashi?

Yawanci daga zobe abin yake farawa. Zoben da ka shekara goma kana sawa ya ƙi shiga, takalmi ya matse, haɓa ta turo gaba, wushirya ta buɗe a bakin da ba shi da ita. Ga zufa, ga minshari, ga ciwon kai. Wannan ita ce akromegali, sunan da likitan Faransa Pierre Marie ya raɗa mata a 1886. Kusan kullum silarta wani ƙari ne, ba na daji ba, a glandar fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, mai zubo homon na girma, wato sinadarin da ke sa jiki girma, fiye da kima. Gwajin jini na IGF-1, mai nuna ko homon ɗin ya yi yawa, da hoton MRI ke tabbatar da ita. Daga nan sai zaɓi.

Ni dai a ganina tiyata ce a sahun gaba. Ta hanci ake bi a ciro ƙarin, ba a fasa kai. In bai kai santimita 1 ba, akasarin masu cutar suna rabuwa da ita. In ya girma ya kutsa gefe, nasarar tana raguwa sosai. Abin da kake saya a nan hannun likita ne. Kada ka ji nauyin tambayarsa sau nawa yake irin wannan aiki a shekara, domin wanda ya saba da wanda yake yi jefi-jefi ba ɗaya suke ba.

Allura kuwa, octreotide mai dogon zango ko lanreotide, duk mako 4 ake yi. Tana saukar da homon, wani lokaci ta rage ƙarin, amma ba ta warkarwa: ka daina, ciwo ya dawo. Tana iya jawo gudawa da tsakuwa a matsarmama. Kuma firji take so, wanda a inda wuta ke zuwa ta ɗauke ba ƙaramin lissafi ba ne. Kafin ka fara, lissafa kuɗin shekara, kada ka tsaya kan na wata guda. Pasireotide ta fi ƙarfi ga wasu, sai dai tana ta da suga, mai ciwon suga ya yi hattara. Pegvisomant kullum ake yi, tana toshe aikin homon amma ƙarin yana nan, ga duba hanta a kai a kai.

Cabergoline ƙwaya ce, ta fi sauƙin kuɗi, sai dai ta fi amfani ga wanda homon ɗinsa bai hau sosai ba.

Gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, na baya-baya ne, sai tiyata da magani sun gaza. Yana ɗaukar shekaru kafin ya yi aiki, kuma yakan raunana sauran glandar har mutum ya koma shan wasu homon muddin rai.

Ko wanne aka bi, kumburin tsoka da zufa suna sauka, hawan jini da suga kan yi sauƙi, amma ƙashin da ya riga ya girma ba ya komawa.