MuseScore 4 wajen rubuta sabon kiɗa ga ƙungiyar mabusa

Ga mai tsara kiɗa da ke rubuta wa 'yan badujala ko wata ƙungiyar bushe-bushe, MuseScore 4, manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta, ta isa aiki, kuma kyauta ce. Ta fito a Disamba 2022, tana hawa Windows da Mac da Linux. Tana zuwa da shiryayyun shafuka, ciki har da Brass Band da Concert Band. A Concert Band ne sarewa da kilarinet da saksafon da tarampet da tuba suke jere yadda madugu ya saba ganinsu.

Inda ta fi ƙarfi shi ne sauya ki, wato sautin da aka gina kiɗa a kansa. Kayan busa ba sa karanta sauti ɗaya da suna ɗaya. Idan kiɗa yana kan B♭, takardar mai tarampet da ta mai kilarinet za su fito a C, ta mai alto saksafon a G, ta mai ƙahon F kuwa a F. Da hannu, wannan aikin kwanaki ne, kuma a nan kuskure ya fi shiga. A manhajar, maɓalli ɗaya ne a ƙasan allo, Concert pitch, wanda ke nuna layin kowa da ainihin sautin da kunne ke ji. A kunna shi lokacin rubutu, a kashe kafin a buga. Wanda ya manta ya miƙa wa madugu babbar takarda a kunne, sai madugu ya ce "C", mai tarampet yana kallon D, gwajin ya tafi a gardama.

Akwai tarko a wajen yufoniyom, abin busa mai kama da ƙaramar tuba. Ƙungiyoyin da suka gaji tsarin Ingila suna karanta shi da alamar G a farkon layi, har da tuba, wasu kuma da alamar F. A tambayi mabusan tun kafin a fara, ko a fitar da takarda iri biyu.

Manhajar tana rina sautin da ya wuce iyakar abin busa da ja, wanda ya fi ƙarfin ɗan koyo kuma da wani launi dabam. Wannan gargaɗi yana da amfani, amma bai san leɓe ba. G na saman layukan tarampet ba zai yi ja ba, sai dai idan aka ajiye mabushi a can gaɓar kiɗa (bar) 16 ba hutu, leɓensa zai mutu kafin ƙarshe. Haka kilarinet: kai-da-kawo da sauri tsakanin B♭ da B na tsakiya yana sa yatsu duka su sauya wuri, kuma allon ba zai ce komai ba.

Sauraro ne ya fi yaudara. Muse Sounds, tarin sautukan da ake saukewa manhajar ta kaɗa kiɗan da su, yana da daɗi ƙwarai, har mutum ya ɗauka aiki ya gama. To amma kwamfuta ba ta numfashi, kuma tana daidaita ƙarfin kowa. Sarewa ɗaya a ƙananan sautukanta tana fitowa tas a lasifika. A fili, tarampet uku da ganga sun binne ta. Maganinsa a ɗaga ta zango ɗaya (octave) da Ctrl da kibiyar sama, ko a haɗa ta da kilarinet, a kuma sa alamar numfashi duk bayan gaɓa 4 zuwa 8. Muse Sounds yana cin data wajen saukewa, yana kuma wa ƙaramar kwamfuta nauyi. Idan sauti ya fara yankewa, a buɗe mahaɗar sauti da F10 a koma MS Basic, sautukan da manhajar ta zo da su.

Takardun mabusa suna fita da kansu daga babbar takarda, gyaran sauti a ɗaya yana bin ɗayar. Tsarin shafi kuwa sai an bi kowace takarda da ido. A tabbata juya shafi ya faɗa kan hutu, domin hannayen mabushi a cike suke. A sa haruffan gwaji da Ctrl+M a farkon kowane sashe, don madugu ya ce "daga harafin C" kowa ya gane. Wanda ke da dogon hutu, a rubuta masa ƙananan sautukan wani kafin shigarsa. Babbar takarda mai layi sama da 20 tana son A3. A A4 ido ba ya kamawa daga inda madugu ke tsaye. Ta fareti kuma a rage ta zuwa A5 a kwance, shafi ɗaya tak.

A fitar da PDF don bugawa, da fayil irin MusicXML idan wani zai buɗe aikin a wata manhajar rubuta kiɗa kamar Sibelius ko Dorico.