DistroKid ga mawaƙin Gusau mai cin gashin kansa

Aikin DistroKid ɗaya ne: ka ɗora waƙa, ya kai ta Spotify, Apple Music da sauran kasuwannin intanet. Kuɗin shekara kake biya, ka ɗora iya waƙoƙin da kake so, haƙƙin mallaka kuma yana hannunka. Masu cewa mawaƙin da ya fara cin dala ya sayar da kansa su duba nan: babu ubangidan da zai ce ka sauya baiti. Su Ɗanƙwairo na Maradun ma da waƙa suka ci abinci, doki da babbar riga ne ladansu.

Ka tanadi sautin WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, daga situdiyo, kada ka ɗora wanda ya bi ta WhatsApp, don an matse shi, kalangu sai ya koma kamar ana buga gwangwani. Hoton bango an fi son mai girman fiksel (ƙwayoyin hoto) 3000 a 3000; ya zama murabba'i, babu lambar waya a kai, in ba haka ba a dawo maka da shi. Kiɗan da ka kwaso a YouTube ba da izini ba shi ne ke jawo a sauke waƙa.

Inda gizo ke saƙa: da dala ake biya, sai katin da ke aiki a waje. Kuɗin sauraro kan yi wata biyu zuwa uku kafin ya bayyana. Ka daina sabunta kuɗin shekara, waƙoƙin na iya sauka.

Wanda masoyansa ke karɓar waƙa a memori wajen masu cajin waya ya fara da Audiomack, manhajar ɗora waƙa da sauraro, kyauta ce.