Gargaɗi ga masu tayar da tsohuwar Land Cruiser: a yi hattara da aksil da sifirin da ake cewa "sabon gyara"

Jama'a, wannan jan kunne ne ga masu tsohuwar Land Cruiser jerin 60, wato FJ60 da FJ62 da HJ60 waɗanda Toyota ta ƙera daga 1980 zuwa 1990, da kuma makanikan da ke yi musu aiki. Motocin nan har yau suna cin hanyar daji daga arewacin Najeriya zuwa Damagaram da Agadas, amma kayan ƙafarsu masu kyau sun yi wuya. Wannan wuyar ce 'yan damfara suka mayar jari. Za ka ga talla a Facebook ko a zauren WhatsApp: aksil na gaba da na baya, da sifirin huɗu, da shokozoba huɗu, duka sun sha baƙin fenti suna ƙyalli, an rubuta "ɗan Beljiyam, an kwance an sabunta komai, ɗaurawa kawai". Kuɗin kuma bai kai abin da kayan cikin kaɗai za su ci ba.

Salonsu bai cika canzawa ba. Za a ce maka mai kayan ba ya gari, yaronsa ne zai kai tasha a ɗora a mota. Wai akwai wani da ya riga ka magana, don haka ka tura rabin kuɗi kafin alƙalami yau ɗin nan. Sunan da ke kan asusun banki daban da sunan da ke kan shafin. Wasu da sun ji alat shi ke nan, lambar ta mutu. Waɗannan asararsu ta kuɗi ce kawai. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu turo kayan da gaske, domin abin da suke turowa ƙarfen da aka tsinto ne daga motocin da suka yi haɗari, aka yi masa wanka da fetur, aka fesa fenti. Shi kuma wannan ƙarfen ne zai ɗauki mota mai nauyin kusan tan 2, da iyalinka a ciki.

Babbar cutar da ba a gani da ido ita ce ta haƙoran dif, wato giyar da ke cikin tulun aksil mai raba wa tayoyi biyu juyi. Jerin 60 ya fito da lissafin giya fiye da ɗaya. Akwai 3.70, wato kirawun (babbar giyar) mai haƙora 37 da finiyon (ƙaramar giyar da ke juya ta) mai 10, akwai kuma 4.11, kirawun mai 37 da finiyon mai 9. Daga waje kamanninsu ɗaya. Ɗan damfara ba ruwansa, zai haɗa maka na gaba daga wata mota, na baya daga wata. Ka ɗaura, ka yi wata uku kana yawo lafiya lau, saboda a kwalta ƙafar baya kaɗai ke ja, ta gaba a sake take. Ranar da damina ta sauka ka kulle hob, wato cibiyar tayar gaba, ka sa giyar ƙafa huɗu, ranar asiri zai tonu. Motar nan ba ta da dif na tsakiya, farfelar gaba da ta baya gudu ɗaya suke yi. Idan baya 3.70 ne gaba kuma 4.11, duk mita 100 da ƙafar baya ke son ci, ta gaba mita 90 take so. A cikin yashi ko taɓo tayoyin za su riƙa zamewa suna rage tsanani, shi ya sa wani ba ya lura da wuri. Da an hau ƙasa mai tauri, sitiyari zai yi nauyi, taya ta fara kuka, giyar ta ƙi fita, daga nan sai abin da ya fi rauni ya karye: ko haɗin Birfield, wato gaɓar shaf da ke cikin gwiwar aksil, ko haƙoran dif, ko akwatin raba giya. A lokacin mai kayan ya daɗe da canza layi.

Gwajin wannan ba ya buƙatar komai sai alli da mutum biyu. A ɗora aksil a kan abin da zai ɗaga shi daga ƙasa. Idan na gaba ne, a kulle hob duka biyu. A yi alama da alli a kan farantin da farfela ke ɗaurewa, a yi wata a kan hob ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙe ɗaya hob ɗin kada ya motsa, ɗayan ya juya mai alamar sau 20 cif, ana ƙirga zagayen farantin. Idan ya zaga 41 da ɗan ɗoriya, 4.11 ne. Idan 37 ne, 3.70 ne. In dif ɗin irin mai riƙe ƙafa biyu tare ne har ya ƙi barin ɗaya ta tsaya, sai a juya su tare sau 10, lissafin ɗaya ne. A yi wa na gaba, a yi wa na baya. Wanda zai sayi aksil ɗaya kawai, ya fara gwada wanda ke jikin motarsa. Duk mai kayan da ya hana a yi wannan gwajin na minti biyar, ya san abin da ya ɓoye.

Akwai kuma masu sayar da aksil na gaban tsohuwar Hilux da sunan na Land Cruiser. Abin da ke rudar mutane shi ne kusoshin taya 6 ne a duka biyun, kuma tazararsu ɗaya, milimita 139.7, gwiwar ma sun yi kama. Amma kirawun na jerin 60 inci 9.5 ne, kusan santimita 24, na Hilux inci 8, kusan santimita 20. Tulun dif ɗin ya fi ƙanƙanta, aksil ɗin ya fi gajarta, kujerun sifirin ba sa zama a wurinsu. Idan ka ga sabuwar walda a ƙarƙashin kujerar sifirin, an yanke ne an matsar. Kujerar da aka liƙa da ido ba tare da awo ba tana karkatar da aksil gaba ko baya, mota ta riƙa yawo a hanya, ko sitiyari ya kama kaɗawa da zarar an taka rami. A tafi da tef, a auna na jikin motar tukuna: daga fuskar hob zuwa fuskar hob, da tsakanin ramukan santabol biyu, wato kusar da ke ɗaure fallayen sifirin a tsakiya.

Sai gwiwa. A ƙarshen aksil na gaba akwai ƙwallon ƙarfe wanda gwiwar ke juyawa a kansa. Sa farce ka kankare fentin da ke kansa. Ƙwallo mai lafiya sumul yake, kuma inda roba ke gogawa ba wurin fenti mai kauri ba ne. Idan farcenka ya ɗago wani abu mai laushi, fari ko ruwan toka, filar gyaran bodi ce aka cike ramukan tsatsa da ita. Bayan haka kwance ƙaramin murfin da ke saman gwiwar ka zura tsinke. Abin da ya kamata ya fito giris ne mai kauri, baƙi-baƙi, irin mai moli. Idan ya fito tsululu kamar kunu, yana warin man giya, to sil ɗin cikin aksil ya mutu, mai ya tsallako ya narkar da giris. Wasu sukan cusa sabon giris a bakin ramin don ya ruɗi mai dubawa, saboda haka a zura tsinken har ƙasa.

Wanda ya ce ya sabunta gwiwa, ga abin da ya kamata ya iya nunawa. Kowane gefe yana cin boris 2 na gwiwa, sama da ƙasa, da boris 2 na taya, da sil na cikin aksil, da sil na hob, da roba da auduga masu share ƙwallo, da gasket, da sabuwar washa mai kunne tsakanin notuna biyu masu cin soket 54. Jimla boris 8 ke nan a aksil ɗaya. Ka ce ya nuna maka tsofaffin da ya cire. Ka tambaye shi nawa ya samu a sikeli, domin ana saita tsaurin boris na gwiwa ne da siraran shim, sannan a ja hannun sitiyari da sikelin rataye, an cire tarod, wato sandar da ke haɗa hannuwan sitiyari, kafin a ɗaura robar baya mai share ƙwallo, kuma a jerin 60 ana neman kilo 3 zuwa 6. Shim ɗin nan ba tsauri kaɗai suke saitawa ba, su ne ke tsayar da gwiwar a tsakiya. In aka tara su a gefe ɗaya, shaf zai kauce ya cinye sabon sil cikin makonni. Wanda ya yi aikin da hannunsa zai ba ka amsa nan take, wanda fenti kawai ya fesa zai fara kame-kame.

A nan akwai abin da ya fi tayar mana da hankali. Hannun sitiyari yana zaune a kan gwiwa da kusoshi 4, kowace da washa mai siffar mazurari da ke matse ta. Mun san ana haɗa su da washa ta gama-gari, ko a mayar da kusa da ta riga ta miƙe. Idan suka saki, ɗaya bayan ɗaya suke tsinkewa, kuma ranar da ta ƙarshe ta tafi, direba yana riƙe da sitiyarin da ba ya juya taya. Wannan maganar rai ce.

Aksil da ya lanƙwashe a haɗari aka miƙe shi da wuta yana da alamu: fenti ya fi kauri a wuri ɗaya, ƙarfen ƙarƙashinsa ya yi shuɗi ko ya yi ɓawo, shaf ba ya shiga sai da duka. Irin wannan ko sil goma ka canza zai ci gaba da yoyo, taya kuma ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Shi kuwa dif, a kwance shi a gani. Haƙori mai ɓantare ko mai ƙananan ramuka ya gama aiki. Wasan da ke tsakanin kirawun da finiyon milimita 0.15 zuwa 0.20 ne, abin da hannu da ƙyar yake ji. In yana ƙwas-ƙwas, ba a taɓa saita shi ba.

Sifirin ma ba su tsira ba. Tsohon da ya kwanta ake dukansa da guduma a kan maƙera, ko a gasa shi da wuta, har ya dawo da bakansa. Ranar ɗaurawa mota za ta tsaya cak gwanin sha'awa. Amma wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, kafin a yi lodi uku ya koma ya kwanta, wani lokaci ya karye. A kwance santabol a baje fallayen ɗaya bayan ɗaya. A nemi sawun guduma a jere, da walda kusa da idon babban falle ko kusa da ramin tsakiya, da fallen da kaurinsa ko faɗinsa ya bambanta da 'yan'uwansa. A kife na dama da na hagu a kan siminti a gwada tsayin bakansu. Babban falle shi ne ke riƙe aksil a jikin shasi, saboda haka mai walda a jiki ba na ɗaurawa ba ne ko da kyauta aka ba ka.

Shokozoba kuwa huda ta ake yi a ɗura mai a toshe, a liƙa sabuwar sitika. Tsayar da ita, ka ja ka danna sau da yawa. In akwai inda take wucewa fayau ba turjiya, ko ka ga ɗigon walda a jikinta, ajiye. Boris na jabu ma suna zuwa cikin kwalin Koyo ko NSK ko Timken da aka kwaikwaya, don haka kwali ba shaida ba ne, a saya wurin dilan da aka sani da shago.

Hanyar saye ɗaya ce: kada a yi cinikin biri a sama. Ka je da kanka ko ka tura makanikenka, ba wanda mai kayan ya zaɓa ba. A kwance a gaban idonsa kafin kuɗi ya fita, ladan kwancewar bai kai kuɗin Birfield ɗaya ba. In an amince, a buga wata alama da kurfi a jikin ƙarfen a ɗauki hoto, domin akwai masu nuna mai kyau a bidiyo su ɗora wani a mota. A karɓi rasit mai sunan shago da lambarsa, a rubuta lissafin giyar a ciki, kuma a biya cikin asusun da ke ɗauke da wannan sunan. In a kasuwar kayan gyara ne, a san ofishin shugabannin kasuwar.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya ga alamar an gudu, ya kira bankinsa a ranar, ya adana hirarsu da lambar asusun da hoton tallar kafin a goge, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Wanda kuma kayan sun riga sun hau motarsa, kada ya sa giyar ƙafa huɗu sai an yi gwajin alli. A zubar da man da ke cikin dif a duba ko akwai garin ƙarfe, a zuba sabon GL-5 mai lamba 90, kusan lita 3 a gaba da 2.5 a baya. A ɗaure notunan hannun sitiyari da sifana mai awo zuwa 96 Nm. A sa sababbin yubol, wato kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, kada a mayar da waɗanda suka zo da kayan. Notunan shakul kuma, wato maratayin da ke haɗa sifirin da shasi, sai an sauke mota daga jak ta tsaya da nauyinta a kan taya sannan a ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba bushin zai murɗe ya yage, kuma bayan tafiyar farko a koma ƙarƙashi a sake bin yubol ɗin da sifana.