Sifanar awon ƙarfi ta Norbar Pro 200 a aikin ɗaure filanja (faifan bakin bututu da ake haɗawa da bol)

Wannan sifana ƙirar kamfanin Norbar ce na garin Banbury a Ingila. Bakinta rabin inci ne, tana aiki daga nyuton-mita 40 zuwa 200, kuma da zarar an kai ƙarfin da aka saita sai ta yi "ƙas" a hannu. Ƙarar tana fita sarai, ko cikin hayaniyar janareta hannu zai ji. Ga mai haɗa ƙananan bututun ruwa ko na mai, ta ci kuɗinta.

Sai dai sifana ƙarfin murɗawa kaɗai take aunawa, ba ta san yadda bol ya miƙe ba, alhali miƙewar ce ke matse gasket, wato zoben da ake sawa tsakanin fuskokin filanja biyu don hana yoyo. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin yana ƙarewa a gugar zare da fuskar noti. Shi ya sa lissafi ke gaba da sifana: a ninka lambar guga (adadin da ke nuna yawan gugar) da kaurin bol da nauyin jan da ake so. A ɗauki filanja mai inci 4, aji 150 (ajin matsin da take ɗauka): bol takwas gare ta masu kauri 5/8 na inci, galibi samfurin B7. Idan ana neman jan kilonyuton 45 a kowanne, kuma an shafa man zare mai lambar guga 0.16, amsar tana kusa da nyuton-mita 114. Bol ɗin nan a bushe, lambar ta kai 0.2, sai an kai 143 kafin a samu wannan jan. Zare mai tsatsa kuwa, sifana za ta yi ƙas ɗinta lafiya lau, gasket bai matsu ba, gobe a tarar da yoyo. A shafa man a zare da kuma ƙarƙashin noti. Nan ne aka fi mantawa. Ainihin adadin ana duba shi a takardar masu gasket, don na roba ba ya ɗaukar abin da mai naɗin ƙarfe ke ɗauka.

Saitinta ba wuya, wannan kuma yana da amfani tunda sau uku za a canza shi. Tsarin da aka saba a ASME PCC-1, ƙa'idar injiniyoyin Amurka kan ɗaure filanja, shi ne a fara da hannu, sannan wajen kashi 30 cikin 100 na cikakken ƙarfin, sai 60 zuwa 70, sai cikakke, ana tsallakawa tsakanin bol ɗin bisa lambobinsu a zagaye, 1-5-3-7-2-6-4-8, ana duba ratar fuskokin biyu kowane zagaye. Daga nan a bi su a jere har noti ya daina motsi. A misalinmu zagayen farko 34 ne, ƙasa da inda sifanar ke farawa, don haka a fara da 40.

Dole a nemi dogon soket na inci 1 da 1/16, saboda bol yana leƙowa bayan noti, da wata sifana ta riƙe notin baya. Manyan filanja masu bol na inci ɗaya sun fi ƙarfinta, kuma zura mata bututu don ƙara tsawo lalata awo ne. Kada a kwance noti da ita. In an tashi aiki a sassauta saitin zuwa ƙasa don sifirin ya huta, a kuma kai ta gwaji duk wata 12 ko bayan ɗauri 5,000, kamar yadda ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 6789 ta tanada.